Amsar tambayarka kan bulon da ke tsagewa

Wa alaikumus salam ɗana, na saurari saƙonka. Abu biyu ka tambaya, me ya sa bulon da kuka buga ya tsattsage tun yana shanya bai ma ga wuta ba, kuma don me na ce a ja kamina, wato wurin ƙona bulo, can sama alhali kogin yanzu ba ya cika kamar da. To ka natsu, duk tushensu ɗaya.

Ƙasar da muke buga bulo da ita ai ba tamu ba ce ta nan Sinnar a Sudan, baƙuwa ce. Ruwan damina ne yake wanko ta daga duwatsun Habasha, kogin Nilul Azrak ya ɗauko ta, daga Yuli zuwa Satumba ka ga ruwan ya yi jawur ya yi kauri, in ya janye sai ya bar mana laka sabuwa a gaɓa, ramin da muka haƙa bara ka zo ka tarar ya cike kamar ba a taɓa sa masa fatanya ba. Wannan lakar ita ce da kanta ta zo a gauraye, yashi kaɗan, yumɓu kaɗan, ba ta son dabara, ka zuba zibala, wato kashin dabbobi, ka tattake kawai. Amma laka ba ta tafiya sai ruwa na gudu. Duk inda aka tare shi ya tsaya, sai ta kwanta a ƙasa. Madatsar Sinnar tun 1925 take, ta Rusairis 1966, an ƙara mata tsawo mita 10 a 2013, kuma dukansu laka ta cinye musu wuri mai yawa, sai dai su ana buɗe ƙofofinsu lokacin cikowa jan ruwan ya wuce. Saddin Nahda kuwa, madatsar Habasha da aka fara cikawa a 2020 wani abu ne daban, tafkinsa na ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74, ruwa ya shiga ya zauna ya tace, abin da ke fitowa garau ne. Kaga kenan ramukanmu sun daina cikewa.

Da laka ta yi ƙaranci me kuka yi? kun ja baya kun shiga baƙar ƙasar nan ta gona, wadda in rani ya yi take dararrewa har ƙafar akuya ta faɗa. Ita kumbura take in ta sha ruwa, in ta bushe ta tsuke, to yadda take yi a gona haka za ta yi maka a cikin bulo, ba hannunka ne ya lalace ba wallahi, kar ka sa wa ranka damuwa.

Ga abin da za ka yi kafin ka sake kwaɓi. Samu gorar roba, zuba ƙasar zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta nan take, laka ta biyo baya ta hau kansa, yumɓu shi ne zai bar ruwan da duhu har washegari. In ka ga layin sama ya fi sauran kauri to ƙasar ta yi ƙarfi, sai ka karya ta da yashin gaɓa, ka ƙara zibala, kuma a jiƙa ta kwana ba wai a kwaɓa da safe a buga da hantsi ba. Sannan ka murza kaɗan a tafin hannu kamar igiya, in ta yi tsawo tana sheƙi ba ta karye ba akwai sauran aiki, in ta wargaje tun ba a je ko'ina ba yashi ya yi yawa. Ranar farko ku rufe bulon da ciyawa, iskar nan mai zafi ta azahar tana busar da bayansa cikinsa na ɗanye, nan tsagar take farawa. Ku buga guda goma na gwaji tukuna, ba dubu ba.

Maganar kamina kuma. Ruwan da ba shi da laka yunwa yake ji, gaɓa yake ci, shi ne haddam ɗin da kake ji ana kuka da shi, wurin da ka tsaya bana baɗi yana cikin ruwa. Sannan da can mun san lokacin kogi, ya cika da damina ya sauka da rani mu shiga aiki, yanzu hawa da saukarsa har da hannun masu buɗe ƙofar madatsa a ciki, yana iya tasowa lokacin da kai ka riga ka jera bulo a ƙasa. Ga ruwan sama shi ma ya sauya hali, masu binciken yanayi sun auna cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya iska na riƙe danshi da ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa sai a daɗe ba a yi ba, ran da ya zo ya zubo na wata guda a dare ɗaya, kuma wannan ba ruwansa da wata madatsa, ta kwari yake biyowa ta bayanka. A 2020 kogi a Khartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988, gidaje sama da dubu 100 suka lalace. A Agustan 2024 madatsar Arba'at kusa da Bur Sudan ta ɓalle, can da ake ganin ƙasar fari ce. Ni abin nan yana tsaya min a rai, talaka ya ci bashin itace ya ƙona kamina ruwa ya zo ya kwashe.

Don haka kaminar tana sama, ko da jakuna za su ƙara tafiya. Gobe in Allah ya kai mu ka kafa sanda a bakin ruwa ka yi mata zane, kullum da asuba ka duba ka turo min, kuma ka zo min da gorar nan in gani kafin ku taɓa yashi.