Baƙin man babur: mai araha ko mai tsada?

Wani ɗan kasuwa ya aiko min da tambaya. Yana da ƙananan babura uku masu inji 125, yaransa na kai wa masu saye kaya da su tun safe har dare. Ya ce: "Malam, kuɗin juyen mai ya fara cin min riba. Bakanikena ya ce in koma mai tsada, wai ya fi daɗewa. Yarana kuma sun ce duk baƙin mai ɗaya ne, in riƙa sayen mai araha kawai. Maganar wa zan ɗauka?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bakanikenka ya faɗi rabin gaskiya, yaranka kuwa sun yi kuskure. Amma ni da za ka bi tawa, ka ajiye maganar farashi a gefe tukuna, ka juya bayan robar man ka karanta abin da aka rubuta.

Dalilina shi ne, babur ba mota ba ne. A mota, man inji daban yake da man giya. A yawancin babura masu giya irin naka, mai guda ɗin nan da bai wuce lita ɗaya ba shi ke aiki uku: yana shafe fistin da ringi, yana ratsa haƙoran giya, kuma a cikinsa farantan kulochi suke jiƙe. Ga shi injin ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce. Idan yaronka ya maƙale a cunkoso da kaya niƙi-niƙi a baya, babu iskar da ke kaɗa injin, man nan shi kaɗai ke shan zafin. Haƙoran giya kuma suna ta niƙa shi har kaurinsa ya ragu. Shi ya sa man babur ke saurin gajiya.

Wannan ne ya sa hukumar tsara ma'aunin motoci ta Japan ta fito da ma'auni na musamman don man babur a 1998, wanda za ka gani a jikin roba an rubuta JASO. Idan ka ga MA ko MA2, man ya dace da babur mai jiƙaƙƙen kulochi. MB kuwa na babura ne marasa giya, irin sukuta. Yawancin man motocin zamani ana zuba masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, har a rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a tambarinsa. A mota alheri ne. A babur ɗinka yana iya sa kulochi ya riƙa zamewa: yaro ya murɗa totur a kan hawa, inji ya yi ta ihu, babur bai ƙara gudu ba. Ka ga a nan mutum zai iya sayen man da ya fi kowane tsada a kanti, ya dawo yana canza farantan kulochi.

Sai kauri. Lambobin nan irin 20W-50 ko 10W-40, ta farko tana nuna yadda man ke gudu idan inji na da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya ɗau zafi. Ba naka ba ne ka zaɓa, ba na bakanike ba ne. Kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya rubuta a littafinsa, tare da matakin API (wato ma'aunin ingancin mai na Amurka) da yake so, kamar SJ ko SL. Abin da littafi ya ce shi za ka nema.

To, yanzu mu zo kan kuɗi, tunda nan ne ciwon yake.

Ɗan kasuwa ba ya auna baƙin mai da kuɗin roba, da kilomita yake aunawa. Mu ɗauki misali. A ce babur ɗinka na cin kilomita 100 a rana, kwana 26 a wata, ka ga kilomita 2,600 ke nan. A ce kuma mai tsadan, wato sintetik, wanda ake sarrafawa ta hanyar sinadarai, ya ninka na tsaka-tsaki sau biyu a farashi. Kafin ya biya kansa, dole ya yi ninki biyu na tafiyar da ɗayan ke yi kafin a juye. Shin zai yi? Gaskiya ne sintetik ya fi jure zafi, ya fi jinkirin lalacewa, a nan bakanikenka bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, ba lalacewa kaɗai ke sa a juye mai ba, har da datti. Da yawan ƙananan babura ba su da filtar takarda irin ta mota, ƴar rariyar waya ce kawai, wasu da wata ƴar matata mai juyawa. Ƙura, da garin da ke zubowa daga farantan kulochi, da fetur ɗin da ke silalowa ta gefen ringi, duk cikin man suke taruwa, komai tsadarsa. Don haka ba zan ba ka shawarar ka wuce kilomitar da littafi ya yanke ba don kawai ka zuba sintetik. In kuwa lokacin juye bai canza ba, ƙarin kuɗin da ka biya bai dawo maka duka ba. Sintetik ya fi amfani ga manyan babura masu gudu da zafi, waɗanda kamfaninsu ma shi ya ce a zuba.

Mai arahar kuma iri biyu ne, kuma a nan nake so ka buɗe ido. Akwai mai araha na gaskiya: an tace shi daga ɗanyen mai, kamfani sananne ya yi shi, ga JASO MA a jiki, ga kaurin da ake so. Wannan ba abin raini ba ne, ƙaramin inji zai yi shekaru a kansa muddin ana juyewa kan lokaci. Akwai kuma wanda arahar tasa ta wuce hankali, wanda ake aunowa daga duro babu suna, ko tsohon mai da aka tace aka ɗura a robar kamfani aka liƙe. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana kwance injin da ya sha irin wannan. Da ya zaro rariyar, baƙin dagwalo ne ya toshe ta kamar kwalta, ya murtsuka a yatsunsa ya miƙo min, sai ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli. Mai babur ɗin yana tsaye bai ce uffan ba. Abin ya tsaya min a rai, domin mutumin tattali yake ganin yana yi. Idan inji ya buga, ba kuɗin fistin da ringi da aikin bakanike kaɗai za ka lissafa ba. Ka haɗa da kwanakin da babur zai yi a ajiye, da yaron da zai zauna ba aiki, da mai sayen da ya jira kayansa bai gani ba ya koma wurin wani. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa har jari take ci.

Ka lura, jabu ya fi bin sunan da ya yi tashe, saboda a nan ribar masu yin sa take. Ke nan biyan kuɗi da yawa ba ya tsare ka daga jabu. Abin da ke tsare ka shi ne wurin da ka saya.

Saboda haka ga abin da zan yi da ni ne kai. Zan tsayar da mai guda ɗaya na tsaka-tsaki wanda ya cika ƙa'idar littafi, in nemi dilan kamfanin na ainihi, in sayi katan guda. Da babura uku katan ba zai kwana maka ba, kuma sarin ya fi sauƙi. Sannan in daina ba yara kuɗin juye a hannu. Ba zargin kowa nake ba, amma wanda ba shi zai biya kuɗin gyara ba, da wuya ya damu da abin da aka zuba, kuma ka ji da kunnenka abin da suka ce game da baƙin mai. Ka ba su roba a rufe, a fasa ta gaban wanda ka yarda da shi, a dawo maka da fankon, ka huda shi kafin ka yar don kada ya koma hannun masu ɗura jabu. Ka ware ɗan littafi, kowane babur da shafinsa: ranar juye, da kilomitar da mita ta nuna. Duk safiya kafin su fita su zaro ma'aunin mai su duba, domin injin da lita ɗaya ce duka abincinsa, in ya rasa rabi ya shiga haɗari. Filtar iska ma a riƙa wanke ta ko a canza, ta nan ƙura ke shiga.

Idan bayan wata biyu littafin ya nuna ɗaya daga cikin baburan yana shanye mai kafin lokacin juye, ko salansarsa na fitar da shuɗin hayaƙi, kada ka bari a ce maka mai tsada zai magance. Ringi ne ko sil ɗin bawul suka gaji. Ka kai shi a buɗe a ranar da kasuwa ba ta da yawa, tun gyaran bai kai ga sauran injin ba.