MP3 na caji amma kwamfuta ba ta ganin ta

Malam ka ce in ka jona MP3 ɗinka da laftof tana ɗaukar caji amma ba ta fitowa balle ka tura karatu ko waƙa. To wataƙila wayar da ka jona ta da ita, wato kebul na USB, ita ce matsalar, canza ta tukuna kafin ka kai ma mai gyara. Wasu wayoyin USB da aka saidawa masu arha a kasuwar Gusau na caji ne kawai, silin wuta biyu gare su, babu biyun da ke ɗaukar data, shi ya sa ka ga fitila ta kama amma Windows shiru. Ari wadda ka tabbata tana tura hoto daga waya zuwa kwamfuta ka gwada.

In ka canza kuma ba ta fito ba, duba memorin da ke ciki. Ni irin waɗanga ƙananan MP3 da nit taɓa riƙewa, memori in ya wuce 32GB ba su karanta shi, don tsarin ajiyar fayil na FAT32 suka sani, manyan memori kuwa da wani tsarin, exFAT, suka zo. Zare shi ka sa a kad rida, abin jona memori da kwamfuta, kwashe kayanka tukuna, sannan ka yi mai fomat zuwa FAT32, kar ka yi gaggawa fa, komi gogewa ya kai.