Tambaya da Amsa: Yaya Aikin Lauyan Soja Zai Kasance a Cikin Kumbon Yaƙi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun shari'a, kuma ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya da ke faruwa shekaru ɗari huɗu nan gaba, bayan 'yan Adam sun kafa rundunar soja a sararin samaniya. Jarumar labarin lauyar soja ce da aka tura aiki a kumbon yaƙi. Damuwata ita ce yadda zan tsara rayuwar aikinta tun daga shigarta soja har ritayarta, ba tare da labarin ya zama zaman kotu kawai ba. Daga ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da lauyan sojan da ake da shi a yau, domin wannan aiki ya girmi jirgin sama, balle kumbo. A Amurka, tun ranar 29 ga Yuli, 1775, aka naɗa William Tudor babban lauyan rundunar da George Washington ke jagoranta, kuma tsarin da ya samo asali daga nan yana nan har gobe. Mai son wannan aiki a rundunar sojin ƙasa ta Amurka sai ya kammala digirin shari'a ya sami lasisin lauya tukuna, sannan a ba shi muƙamin laftanar, a yi masa horo na musamman a makarantar lauyoyin soja da ke Charlottesville, kuma yawanci ba a daɗewa sai ya zama kyaftin. Abin da masu rubuta labari kan manta shi ne, shekarun farko ba a gaban alƙali ake cinye su ba. Rubuta wa sojoji wasiyya kafin su tafi fagen daga, shirya takardun wakilci, sasanta rikicin bashi da na rabuwar aure, su ne aikin yau da kullum. Daga nan ake sa shi gabatar da ƙara, a wani zangon kuma a mayar da shi kare waɗanda ake tuhuma, sannan ya zama mai ba kwamanda shawara kan dokokin yaƙi. Wanda ya daɗe, ya kai muƙamin kanar, shi ke zama alƙalin kotun soja ko shugaban ofishin shari'a na babbar runduna. Wannan tsani ya ishe ki ginshiƙin labari, kuma kada ki raina matakin wasiyya, domin babin da jarumarki ke zaune tana rubuta wasiyyar matasa ɗari biyu a daren da za a shiga yaƙi zai fi zaman kotu goma taɓa zuciyar mai karatu.

Sai dai ainihin abin da ke sa wannan aiki ya cancanci labari yana wani wuri dabam. Lauyan soja yana ƙarƙashin umarnin mutumin da wata rana dole ne ya ce masa a'a. Sashe na 82 na ƙari na farko da aka yi wa yarjejeniyoyin Geneva kan dokokin yaƙi, wato ƙarin yarjejeniyar da aka ƙulla a 1977, ya wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita su tanadi masu ba kwamandoji shawarar shari'a, amma shawara ce kawai, kwamanda ne ke yanke hukunci, kuma sau da yawa shi ne ke rubuta rahoton da ƙarin girman lauyan ya rataya a kansa. An daɗe da gane haɗarin wannan, shi ya sa dokar shari'ar sojan Amurka, wadda ta fara aiki a 1951, ta haramta wa kwamanda tsoma baki a hukuncin kotun soja a sashenta na 37, kuma a 1980 rundunar sojin ƙasa ta tabbatar da wani reshe na lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma, wanda ba ya karɓar umarni daga kwamandan da ya kawo ƙarar. Duk wannan kariya ta dogara ne ga abu guda, wato akwai wata hukuma a sama da lauya zai iya kai kuka gare ta cikin sa'o'i kaɗan.

To, nisa shi ne zai rushe wannan kariya a labarinki. Saƙon rediyo daga duniyar Mas yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya iso duniyarmu, gwargwadon inda kowace take a zagayenta, wanda ke nan har yanzu ana iya neman shawarar hedikwata. Amma tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske kansa sai ya yi fiye da shekara huɗu kafin ya kai gare shi, don haka takardar ɗaukaka ƙara da amsarta za su ci fiye da shekara takwas. A irin wannan hali wuƙa da nama suna hannun kyaftin ɗin kumbo, kuma jarumarki ita kaɗai ce lauya a cikin jirgi, alhali shari'a tana buƙatar mai gabatar da ƙara dabam, mai kariya dabam, alƙali dabam. Shawarata ita ce ki koma tarihin jiragen ruwa masu tafiya da iska, domin a can ne mutane suka taɓa rayuwa cikin irin wannan yankewa. A ranar 1 ga Disamba, 1842, kyaftin Alexander Mackenzie na jirgin yaƙin Amurka mai suna Somers ya rataye mutum uku a tsakiyar teku bisa zargin shirya bore, ba tare da an kafa cikakkiyar kotun soja ba, bayan ya nemi ra'ayin hafsoshinsa kawai. Ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye, Philip Spencer, ɗan sakataren yaƙi na ƙasar ne a lokacin, kuma mako biyu bayan haka jirgin ya isa New York, inda akwai kotu da alƙalai. An gurfanar da Mackenzie, aka wanke shi, amma har yau masana tarihi suna jayayya a kan ko akwai boren ma tun farko. Ki sa jarumarki a cikin ɗakin da hafsoshin suka zauna, ki ba ta ƙaramin muƙami, ki ga abin da za ta faɗa.

Wasu ƙananan abubuwa biyu za su ƙara wa labarin gishiri. A dokar Amurka soja yana da ikon ƙin amincewa da horon da kwamanda zai yanke masa kai tsaye, ya nemi a kai shi kotun soja, amma wanda ke aiki a jirgin ruwa ba shi da wannan iko, kuma sai a farkon 2019 aka daina tsare ƙananan sojojin ruwa har kwana uku bisa burodi da ruwa kawai. Game da wace ƙasa ke da hurumin shari'a kuwa, yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce ƙasar da ta yi wa kumbo rajista ita ke da iko a kansa da mutanen da ke cikinsa, yarjejeniyar tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta 1998 kuma ta bar wa kowace ƙasa hukunta 'yan ƙasarta. Idan rundunar labarinki ta haɗin gwiwa ce, wannan saɓani kaɗai zai cika wa jarumarki shekaru da aiki.

Tambaya: Malam, idan a irin wannan labari ana yaƙi ne da baƙin halittu daga wata duniya, ko kuma mutum-mutumi ne ke harba makami, wace doka lauyan zai duba? Ni a ganina babu sauran aikin lauya a nan.

Amsa: Ɗan'uwa, a nan ne ma aikinsa ke ƙaruwa. Gaskiya ne yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949 an rubuta su ne tsakanin ƙasashen da suka sa hannu, kuma baƙuwar halitta ba ta sa hannu a komai ba. Amma masu tsara dokokin yaƙi sun hango cewa za a riƙa samun halin da rubutacciyar doka ba ta ambata ba. A taron Hague na 1899, wakilin Rasha Fyodor Martens ya kawo wani sakin layi da ake kira da sunansa har yau, wanda ma'anarsa ita ce, inda yarjejeniya ta yi shiru, mayaƙa da farar hula suna nan ƙarƙashin kariyar al'adun da ƙasashe suka saba bi, da ƙa'idojin jinƙai, da abin da lamirin jama'a ya yarda da shi. Lauyan labarinka zai riƙe wannan ya ce dokar yaƙi tana ɗaure hannun mai harbi ne, ko wane ne a gabansa. Daga nan sai tambayoyi masu wuya su biyo baya. Doka ta hana kai hari ga wanda ya miƙa wuya, to yaya ake gane miƙa wuyan halittar da ba ta da hannun ɗagawa kuma ba ta san farar tuta ba? Yaya ake bambanta sojanta da farar hularta idan al'ummarta ba ta san wannan rabe-rabe ba? Lauyan ne zai rubuta ƙa'idojin buɗe wuta, kuma duk kuskuren da ke cikinsu rayuka ne za su biya shi.

Batun mutum-mutumi ya fi kusa da zamaninmu. Sashe na 36 na ƙarin yarjejeniyar 1977 ya wajabta a tantance halaccin duk wani sabon makami kafin a fara amfani da shi, kuma lauyoyin soja na cikin masu yin wannan tantancewa. Idan na'ura ta kashe wanda bai kamata ba, ba a gurfanar da na'ura, sai a nemi mutumin da alhakin ya hau kansa. Kotun Nuremberg, wadda ta zauna daga 1945 zuwa 1946 don shari'ar shugabannin Nazi na Jamus, ba ta karɓi uzurin cewa umarni aka ba mutum a matsayin abin da ke wanke shi ba, kuma a 1946 aka rataye Janar Tomoyuki Yamashita na Japan saboda ta'asar da sojojinsa suka yi a Filifin, bisa hujjar cewa ya gaza hana su. Idan an ɗora wa kwamanda laifin abin da dakarunsa suka aikata, to shari'ar da lauyanka zai shiga ita ce ko za a ɗora masa laifin abin da ƙirƙirarriyar basirar kumbonsa ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kafin shi kansa ya ɗago kai ya dubi allo.

Tambaya: Na karanta cewa lokaci yana tafiya a hankali ga wanda ke gudu kusa da saurin haske. Shin wannan zai shafi aikin lauyan?

Amsa: Ƙwarai kuwa, kuma wannan ba ƙage ba ne, yana cikin nazarin da Albert Einstein ya wallafa a 1905. Kumbon da ke tafiya da kashi 87 cikin ɗari na saurin haske, duk shekara ɗaya da ta wuce a cikinsa daidai take da kusan shekara biyu a duniya. Doka kuwa cike take da ƙidayar lokaci. A sojan Amurka ana cancantar fanshon ritaya bayan shekara 20 na aiki, yawancin laifuffuka kuma ba a gurfanar da mutum a kansu bayan shekara biyar. Da agogon wa za a ƙirga, na jirgi ko na hedikwata? Fursunan da aka yanke wa shekara shida zai so a bi na duniya, domin uku kawai zai zauna a tsare, ma'aikatar kuɗi kuwa za ta so a biya albashi da na jirgi. Lauyan da kansa zai dawo gida ya tarar sa'o'insa na makaranta sun zama janar-janar shi yana manjo, ya kuma tarar an yi wa dokokin da ya haddace gyara sau da dama, har sai ya sake komawa aji kafin a bar shi ya tsaya gaban alƙali.