Wanda ba shi da mai rakiya

Ɗan'uwa, ka tambaye ni yadda mu Hausawan zango a Gana muke yi da wanda ya samu taɓin hankali, asibiti muke kai shi ko wajen malam. Duka biyun muna yi. Amma a iya abin da na gani tun tasowata a Kumasi, abin da ke raba wanda ya samu magani da wanda ya ƙare a bakin titi shi ne mai rakiya.

Sai ka san yadda zango ya kafu za ka gane ni. Kakanninmu fatake ne, goro ya biyo da su ta Salaga har Kumasi. Baƙo in ya sauka, maigida ne ke ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, ya kai shi gaban sarkin zango in rigima ta taso, in ya rasu ya yi masa sutura. Har gobe a kan haka muke. Yaro in ya daina barci, ya fara surutu shi kaɗai, uwa ce za ta gaya wa maigida, maigida ya kira liman, a yi tofi, a ba shi rubutu, a yi ruƙiyya. Ba mai cewa mahaukaci a gaban iyali. "Ba ya jin daɗi" ake cewa, ko a ce iska ce ta taɓa shi, kuma a rufe maganar don kada ta hana ƙannensa mata aure.

Ban raina wannan ƙofa ba. Malam yana kusa, yana jin harshenmu, ba ya tambayar kati. Manyan asibitocin masu taɓin hankali na gwamnati kuwa guda uku ne, duk a kudu: na Akara da aka buɗe tun 1906, da Ankaful kusa da Cape Coast, da Pantang. Mutumin Tamale sai ya ci kusan kilomita 600 kafin ya isa Akara. Mu a Kumasi muna da sashe a asibitin Komfo Anokye, akwai kuma nas-nas na wannan fanni a asibitocin gundumomi, amma ba su kai yawan masu buƙata ba. Ga kuma wani tsoro da ku ba ku sani ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardu, zanguna suka watse, an raba miji da mata. Tsofaffinmu da suka ga wannan har yau ba sa son wurin da za a rubuta sunansu a tambayi asalinsu.

Abin da ba zan kare ba shi ne mari, wato ɗaure mutum da sarƙa. Na ga ƙanen mahaifiyata da sarƙa a ƙafa wata huɗu a wani gidan magani, da sunan ana korar aljani. Waɗanda suka kai shi masoyansa ne, sun rasa yadda za su yi ne. Ya fito da gyambo a idon sawu, da tsoron mutane. Ranar da wata nas maƙwabciyarmu ta dage aka kai shi asibiti, aka fara masa allura duk wata, cikin 'yan makonni ya koma gane 'ya'yansa. Limamin unguwarmu bai daina zuwa yi masa addu'a ba, shi ne ma ke tuna masa ranar allura.

A takarda, Gana ta yi nisa. An yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ku kuma a Najeriya taku sai a farkon 2023 aka sa mata hannu. A 2017 hukumar ta bayyana haramcin ɗaure marasa lafiya da sarƙa, ko da yake ba a daina ba, musamman a sansanonin addu'a. A 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, domin a da wanda ya tsira ana iya gurfanar da shi a kotu. Akwai kuma wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka fitar a 2020: ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa har gidajen masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba marasa lafiya tare da su, kuma waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Da na ji labarin, abin da nas ɗin nan da liman suka yi wa kawuna ne ya faɗo mini.

To amma kawuna yana da mu. Ka duba 'yan matan da ake kira kayayei, rabin sunan ma daga kalmarmu ta kaya ya fito. Daga arewacin ƙasar suke zuwa, suna dakon kaya a ka a kasuwar Kejetia da Makola, da yawa suna kwana a barandar shaguna. In ɗaya ta haihu damuwa ta kama ta, ta daina shayar da jariri, wa zai lura? Haka samarin da tramadol ya ci, waɗanda iyaye suka gaji suka kora. Asibiti na son wanda zai ba da labarin yadda ciwon ya fara, ya sabunta katin inshora, ya nemo magani in ya ƙare, ya dawo da mara lafiya ranar da aka sa. Duk wannan aikin mutum ne mai cikakken hankali da lokaci.

Shi ya sa a masallacinmu muka koma ga tsarin maigida. In aka ga baƙo a wannan hali, ba a tambayar ƙabilarsa, sai a sa mutum ɗaya ya zama nasa. Mata na yin haka a ƙungiyoyinsu na biki, su sun fi mu saurin gane wadda ta yi shiru. Ba kullum ake dacewa ba, wasu na ɓacewa bayan zuwa na biyu. A yanzu ni saurayi ɗaya nake riƙe da shi, ranar Talata za mu koma ganin nas.