Na sa sabon katin girafik, kwamfuta ta soma sandarewa a tsakiyar gem

Tambaya: Assalamu alaikum. Na cire tsohon katina GTX 1050 Ti na sa RTX 3070. Kallon bidiyo da shiga intanet lafiya lau, amma da na buɗe gem, bayan minti goma zuwa ashirin sai allon ya sandare, wani lokaci ma kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Akwatin wutata mai wat 500 ne. Ko katin ne ya zo da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin mayar da katin. Tun da na ga wat 500 ɗin nan zargina ya faɗa kan akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa sufulai.

Tsohon katinka wat 75 kacal yake ci, ramin da aka soka shi a madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, ma ya wadatar da shi. Sabon kuwa yana shan wat 220, kuma Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, da kanta akwatin wuta mai wat 650 ta ba da shawarar a haɗa shi da shi. Ban da haka, irin waɗannan katuna sukan fizgi wuta fiye da adadinsu na ɗan ƙiftawar ido idan gem ya yi nauyi. Akwatin da ya gaji ko ya yi ƙanƙanta sai ya yanke don ya kare kansa. Shi ya sa bidiyo ba ya kawo matsala, domin a lokacin katin hutawa yake yi.

Gwada wannan kafin ka sayi komai. Sauke MSI Afterburner, manhajar saita katin girafik, ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 70 cikin 100, ka buga gem ɗin da ya saba kayar da kwamfutar. In ta yi awa biyu ba ta girgiza ba, ka kama ɓarawonka. Duba wayoyin ma: idan katin na da bakin wuta biyu, kowanne ya samu wayarsa daga akwatin, kada ka ciyar da su da waya ɗaya mai reshe. In ka sayi sabon akwatin wuta kuma, don Allah kada ka yi amfani da wayoyin tsohon. Bakinsu kan yi kama, amma tsarin cikinsu ya bambanta, kuskuren nan yana ƙona kati.

Sai direba, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita. Alamarsa daban ce: hoto ya tsaya amma sauti na ci gaba, ko allon ya yi baƙi ya dawo. Windows na jiran katin daƙiƙa 2, in bai amsa ba sai ta sake tayar da direban. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, za ka ga lamba 4101 tare da nvlddmkm, sunan direban Nvidia. Kernel-Power 41 kuwa, wata lamba da ke fitowa a wurin tana tsorata mutane, shaida ce kawai cewa kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, ba ta faɗin mai laifi. Cire intanet, shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, goge tsohon direban da DDU, manhajar goge direban kati, sannan ka sa sabo. Ko da wuta ce matsalar, wannan wankin ya kamata bayan sauya kati.

Zafi ba shi da wuyar ganewa. Buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan kwamfuta, kana wasa, ka cire murfin gefen kwamfutar. In sandarewar ta daina, iska ce ba ta isa ba, ƙara fanka. Idan ka kunna XMP, saitin ƙara gudun RAM, a BIOS, wato shafin saitin madabod, kashe shi na kwana ɗaya ka gani.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba. Idan duk sun gaza, kai katin wata kwamfutar mai isasshiyar wuta. In ya sandare a can ma, mayar wa wanda ya sayar maka tun garanti bai ƙare ba.