Ka dakatar da diril ɗin nan tukuna

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, sai na ji kamar an mayar da ni garejin da na sha wuya. Ka ce bol ɗin da ke riƙe bakin salansa a jikin top silinda (wato kan inji) na Corolla ɗinka ya karye daidai da fuskar ƙarfen, babu abin da ya leƙo da za a kama, kuma bakanikenka ya ce gobe zai huda shi ya sa abin zarowa. Don Allah ka kira shi yanzu, ko dare ya yi, ka ce ya dakata. Ban san shi ba, mai yiwuwa gwani ne, amma nawa ma da bakin gwanaye ya yi mini magana.

Tawa Golf 3 ce wagon, da ita nake hayar Kano zuwa Katsina. Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, lokacin da kowa ya san tasha ba ta rasa fasinja, sai ta fara wannan ƙarar ta tsit-tsit-tsit da safe, in inji ya yi zafi ta ragu. Gasket ɗin bakin salansa ne ya ƙone, aikin da bai kai ya kawo ba. Na shiga garejin wani mutum da ba zan faɗi sunansa ba, na bar shi da Allah. Yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa, ko tashi bai yi ba, ya turo mini yaro. Yaron ya sa sifana, noti ya ƙi motsi saboda tsatsa. Maimakon ya jiƙa shi ya ba shi lokaci, sai ya ɗauko guntun bututu ya zura a sifanar ya rataya a kai da dukkan nauyinsa. Ina tsaye na ji ƙas! Har yau in na ji an karya rake sai na tuna wannan ƙarar.

Sai a lokacin ogan ya taso yana karkaɗe ɓawon gyaɗa daga riga, ya leƙa ya ce, "Alhaji ƙaramin abu ne, minti goma." Ni ko Abuja ban cika zuwa ba balle Makka, amma ranar na zama Alhaji. Ku da kuka san Golf kun san bakin salansa ta baya yake, tsakanin inji da jikin mota, wurin da hannu ma da ƙyar yake shiga. A haka ya cusa diril, bai buga alama a tsakiya ba, bai ga abin da yake hudawa ba, da lalube kawai. Bol ƙarfe ne mai tauri, top silinda kuwa alminiyom ce mai laushi, to tsinken diril ina zai bi? Zamewa ya yi ya gangara gefe, rabin ramin a cikin bol, rabi a cikin naman top ɗin. Ya ga haka da idonsa amma bai tsaya ba. Ya ɗauko istirakta, wannan tsinken mai murɗaɗɗen zare na hagu, ya buga shi da guduma, ya kama shi da sifana ya murɗa. Na sake jin ƙas na biyu.

Nan ne fa nake son ka fahimce ni. Istirakta ƙarfe ne da aka ƙona ya yi tauri fiye da tsinken diril na kasuwa, ga shi da saurin karyewa kamar gilas. In ya karye a ciki, babu tsinken da ke garejin unguwa da zai ci shi. Kuma da yake tsukakke ne daga baki yana faɗi zuwa sama, duk bugun da aka yi masa buɗa bol ɗin yake yi, yana ƙara matse shi a cikin ramin. Bol ɗin da ƙarfin bututu bai kwance shi ba lokacin da yake da kai, ta yaya siririn tsinke zai kwance shi? Amfaninsa sai ga bol ɗin da aka ɗaure fiye da kima ya tsinke alhali zarensa lafiya lau. Wanda tsatsa da zafin salansa na shekaru suka riƙe, ba aikinsa ba ne.

Mutumin nan ya ce zai huhhuda kewayensa ya ciro guntun. Tsinke uku ya ƙona, da kuɗina aka sayo su. A rami na huɗu na ga ruwa mai launin tsatsa yana tsattsafowa. Ya shiga hanyar ruwan lagireto. Na dube shi, ya dube ni, sai buɗar bakinsa ya ce ai dama top ɗin a tsage take, Allah ne ya taimake ni ya gano. Motar da ba ta taɓa shan ruwa ba! Ya kwaɓa gam ɗin nan fo-minit ya liƙe, ya ɗaure sauran notuna bakwai, ya ce in tafi ba abin da zai faru, kuma ya miƙo hannu a ba shi kuɗin aiki. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, na biya shi. Ban san abin da ya rufe mini baki ba. Kunya ce ko gajiya, oho.

Washegari na yi lodi, na wuce Bichi lafiya, kafin Tsanyawa allurar zafin inji ta haye sama, tururi ya turnuƙe gaban mota. Ga fasinja cike, har da wata tsohuwa mai jika a goye da wani bawan Allah da ragonsa a but. Rana tsaka, babu inuwa. Na tare musu wasu motoci ɗaya bayan ɗaya, na mayar wa kowa kuɗinsa, tsohuwar nan tana ta yi mini addu'a, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Na zauna a gefen titi har la'asar kafin a samu mai ja. Top ta lanƙwashe, sai da na shiga Ƙofar Ruwa na sayo wata 'yar Beljiyam. Kwana tara mota na jingine, duk kakar Sallah ta wuce ni, kuɗin ragon layya ya tafi a top silinda. Shekarar naman maƙwabta yarana suka ci. Da na koma wa mutumin da tsohuwar top ɗin a hannu in nuna masa ramukan da ya yi, cewa ya yi ƙaddara ce, wai ni Musulmi ne ko kuwa? Garin neman gira aka rasa ido, kuma aka ce in gode.

To bari in dawo kan taka. Bayan kamar shekara biyu wani bol ɗin ya sake karye mini, wannan karon wani dattijo mai walda aka kai ni wurinsa, kuma abin da na gani shi zan gaya maka. Ya goge kan guntun har ya yi fari. Ya ɗora wosha mai rami daidai kaurin bol ɗin, ya ɗiga walda ta cikin ramin ta kama guntun da woshar. Sannan ya ɗora noti babba a kai ya cika cikinsa da walda har ya yi ja. Ya ajiye kayan aiki ya tafi alwala. Na ce Baba ba za a murɗa ba? Ya ce in na murɗa yanzu tsinkewa zai yi, bari ya huce. Da ya dawo ya fesa mai, ya sa sifana, ya ɗan ɗaure kaɗan, ya ɗan kwance kaɗan, gaba da baya kamar mai lallashin yaro. Notin farko ya ɓalle. Ko a jikinsa, ya sake ɗora wani. Na biyu ma ya ɓalle. A na uku na ji ƙiii, guntun ya biyo, zaren top ɗin ko ƙwarzane babu.

Hikimar ita ce waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, don haka ba za ta liƙe bol da top ba, kuma zafin da ke ratsa guntun shi ke farfasa tsatsar da ta riƙe shi. Kowane notin da ya ɓalle ba asara ba ne, wuta ce aka ƙara ba shi. Ko guntun ya ɗan nutse ciki, gwani yana iya tara walda a kansa ɗigo-ɗigo har ta fito waje. Amma fa a cire kan batir kafin a kunna injin walda, kuma a maƙala wayar ƙasa a jikin injin kusa da wurin aikin. Corolla ɗinka tana da kwamfuta, kada ka gyara bol ka ƙona abin da ya fi shi tsada. A rufe tiyon mai da wayoyi da jiƙaƙƙen buhu. Kuma kada ka bari a haska wa top ɗin wutar gas kai tsaye a daɗe, alminiyom wajen digiri 660 take narkewa, kuma ba ta yin ja ta gargaɗe ka irin na ƙarfe, sai dai ka ga ta zube.

Daga yau ka fara jiƙa shi. WD-40, man fesawar nan mai sassauta tsatsa, in kana da shi, in babu kananzir ma yana yi. Wasu man birki suke zubawa, yana ratsawa, sai dai yana cin fenti. Fesa, ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, ka bar shi ya kwana. Sauran notunan da ba a kwance ba su ma a jiƙa su, don wanda ya karye ba shi kaɗai ya sha zafin ba. Af, ka sake dubawa bayan an cire bakin salansar gaba ɗaya. Sau da yawa abin da ake gani kamar ya karye a ciki, in an janye ƙarfen da ke kansa sai ka ga ya leƙo da kaurin yatsa. In haka ne an huta, a gyara masa gefe biyu da magagari a kama da filaya mai kulle, ko a ɗora masa notin walda cikin sauƙi.

In walda ta gagara dole sai an huda, to ba a cikin mota da lalube ba. In wurin ba ya ganuwa sosai, gara a sauke top ɗin a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su ɗaure ta a kan teburi su huda a miƙe. Na san za ka ce kuɗin gasket da na aiki, ni ma abin da na guda ke nan. A daidaita fuskar guntun, a buga alama a tsakiyarsa cif, a fara da siririn tsinke kamar milimita 3, ana ɗiga mai, ba gudu. In bol ɗin mai kaurin milimita 8 ne, kada tsinke na ƙarshe ya wuce 6.8, daga nan sai a tsince ragowar zaren a bi da taf, ƙarfen da ake fitar da zare a cikin rami da shi. A auna zurfin ramin da ke kusa da shi a naɗa salatif a jikin tsinke daidai wannan zurfin kada a zarce, don bayan ramin nan ruwa ne, ni shaida ne. Akwai tsinken diril na hagu, wanda yake ci yana juyawa ta wajen kwancewa, wani lokaci yana cikin huda sai guntun ya biyo shi. Ba kowane shago ke da shi ba, amma ka tambaya. In zare ya riga ya lalace akwai Helicoil, waya ce murɗaɗɗiya da ake sakawa ta maido da ramin girmansa na asali, ta fi a buɗa rami a cusa ƙaton bol da ba nasa ba.

Kuma in za ka sayi sabo kada ka karɓi farin bol ɗin nan na masu kayan gini. Duba lambar ƙarfinsa da ke kansa, ta zama 8.8 ko 10.9, ko ka nemi na jikin tsohon inji irin naka. Ni yanzu ko fulogi za a canza mini ina tsaye a kai, kuma duk yaron da na ga ya nufi bututu sai na riƙe hannunsa. Ba laifin yaran ba ne, ba a koya musu ba, ogansu yana benci. Mutumin nan har yau yana nan a wurinsa, ina wucewa ta gaban garejin kusan kullum, har hannu yake ɗago mini. Wani lokaci in amsa, wani lokaci in yi kamar ina duba madubi.

Ka ɗauko hoton wurin da kyau, da fitila, bayan an cire bakin salansar, mu ga ko ya leƙo ko ya nutse, kuma ka faɗa mana ko na gefe ne ko na tsakiya. Allah ya fitar da shi cikin sauƙi.