Babur ɗin ƙanƙara yana nutsewa a tudu: me za a gyara a baya?

Malam, ka ce babur ɗinka na tafiya kan dusar ƙanƙara yana haƙa rami a dusar ƙanƙarar Revelstoke, wani gari a ƙasar Kanada, maimakon ya hau samanta, kana so ka sauya shokazoban baya.

Kada ka yi saurin kashe kuɗi. Fara duba maɗaurin da ke riƙe gaban bel ɗin da babur ke tafiya a kai maimakon tayar baya. Idan ya yi tsawo, gaban babur yakan ɗaga sama, baya kuma ya nutse. Rage tsawon maɗaurin da huda ɗaya, ka gwada. Sannan ka daidaita sifirin da nauyinka, har da jaka da shebur.

Inda mutane ke kuskure shi ne taɓa komai lokaci guda, sai a rasa wanne ya yi aiki.

Shokazoba kuwa akwai iskar gas mai matsi a ciki, buɗe shi sai makaniki.